Ranar da Aka Fitar da Takalmana Daga Firigo

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran ranakun duniya. Ita ce ranar da na tara mutanen ƙauyen mahaifiyata kaf, maza da mata, na tsaya gabansu da farar rigar likita, na nuna musu cewa boko ba ya hana mutum zama sakarai. Yanzu na ajiye aiki, gemu ya yi fari, amma har gobe in na shiga kasuwar Filinge akwai tsofaffin da ke gaishe ni da, "Likita, ina takalma?" Yaran zamani suna zaton sana'ar dukanci na taɓa yi. To gara in ba da labarin da bakina, don masu ba da shi a bayan idona sun fara zuba masa gishiri.

Zamanin mulkin soja ne. Fitowata ke nan daga makarantar koyon aikin dabbobi aka turo ni ma'aikatar kiwo ta Filinge. Saurayi ne ni a lokacin, siriri, ga gashi an taje, ga biro uku a aljihu. Ban da biro kuma akwai turnabis, wato abin kwance kusa, irin mai ɗan ƙwan fitila a gindi da ake gwada wuta da shi. Ilimina na lantarki, ko kuran kamar yadda muke cewa a nan, bai wuce abu guda ba: na taɓa gyara rediyon babana (na buɗe bayanta, na hura, na juya batir ɗin da aka sa a baibai, ta kama). Tun daga ranar nake ɗaukar kaina injiniya, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini gaskiya.

Babban aikinmu shi ne rigakafin ciwon huhu na shanu. Maganin cikin ƴan kwalabe yake zuwa, kuma ba abin da ya tsana kamar zafi. In ya sha zafi ya mutu, amma ba ya canja launi, ba ya wari, kwalbar mai rai da matacciya kamarsu ɗaya a ido. Saboda haka da ƙanƙara ake shiga daji: a jibga manyan dunƙule cikin buhunan ƙaiƙayi, a cika akwatin magani da ƙanana, in ta narke a dawo gari a ɗebi wata. Direbanmu, Baba Arzika, ya shekara ashirin yana wannan jigila. Ni kuwa ban cika wata uku ba na yanke hukuncin cewa wannan aikin ƙauyanci ne.

Abin da ya hure mini kunne wata tirela ce da ke bayan ofis. Wasu Turawa masu haƙar rijiyoyi, waɗanda aka taɓa ara wa Baba Arzika yana ja musu mota, suka bar mana ita da aikinsu ya ƙare. In tana rufe, akwati ce kawai mai taya biyu da mota ke ja. Amma in ka murɗa wani hannu a bayanta, sai rufin ya ɗaga sama, bangon tamfol ya miƙe, gadaje biyu su fito gaba da baya, ta zama ɗaki. Masu gadi suka sa mata suna Kunkuru. A ciki akwai fitilu a rufi, da ƴar fanka, da murhun gas, da ƴan kabad-kabad, ga kuma abin da ya tafi da hankalina: soket biyu a jikin bango, irin na ofis sak. A gaba, wurin da ake ɗaura ta da mota, ga batir cikin akwatinsa, ga tukunyar gas a gefe. Na dubi batir, na dubi soket, na ce shi ke nan, lissafi ya fita.

Na je na sami shef ɗinmu, wato shugaban ma'aikata, na ce, "Ranka shi daɗe, me ya sa muke wahala da ƙanƙara? A ba ni ƙaramin firigon ofis in sa a Kunkuru, in yi mako guda a daji ban dawo ba." Ya ce in nuna masa. Muka kinkimo firigo, na soka wayarsa a soket, nan take ya ɗauki gurnani. Kafin a tashi aiki ruwan da na sa a ciki ya yi sanyi har yana kama haƙori. Shef ya sha, ya dafa kafaɗata, ya ce irinmu ƙasa ke nema. Ya sa hannu a takardar man mota na zuwa da dawowa sau ɗaya tak (tunda ni da bakina na ce ba sauran jigila), ya wuce Yamai taro.

Baba Arzika yana tsaye duk abin nan. Ya yi gyaran murya ya ce, "Likita, in ka yarda, akwai wata ƴar magana bisa wutsiyar abin ga…"

Na ce, "Baba Arzika, kai ka riƙe sitiyari, ni ka bar mini kimiyya."

(Allah ya yafe mini wannan magana. Mutumin nan ya girmi babana.)

Ƙauyen da za mu fara da shi na kawunnaina ne, can cikin Kurfai, kan hanyar Sanam. Ba zan faɗi sunansa ba, don ko yanzu dariyar ta ishe ni. Shekarun baya an taɓa yi musu wata allura da ta kumbura wasu shanu, tun daga nan in suka ji ƙarar motar ma'aikatar kiwo sai su kaɗa dukiyarsu daji. A shekarar kuwa tari ya ɓulla cikin shanun da suka dawo daga kasuwar Baleyara. Kawu Gado, yayan mahaifiyata, shi ya bi gida-gida da rugage da ƙafarsa yana lallashin mutane. Abin da ya ce musu shi ne, "Ɗan ƙanwata na za shi yi allurar. In saniyar wani ta mutu, shi zo shi kama tawa." Da wannan magana aka yarda za a tara shanu bakin rijiya ranar Laraba da safe. Wato mutuncin tsohon nan da ƴan shanunsa duk ya ɗora su a kaina, ni kuma na ɗora su a kan soket biyu.

Ranar Talata da safe na tarar Baba Arzika ya loda buhunan ƙanƙara kamar kullum. Na sa aka sauke su don firigo ya sami wuri, masu gadi suka rabe abinsu. Ya sake gyaran murya.

"Likita, wutsiyar nan da nac ce maka…"

"Baba, rana tana yi."

 Sai ya danƙara ƙanƙara cikin akwatin magani har murfin na ƙin rufuwa, ya ce ai ta hanya ce. Ni kuma na shirya kayana cikin Kunkuru: na cika tukunyar gas don in dafa taliya kamar Bature, na adana takalmana na fita kunya (baƙaƙe, masu tsinin baki, albashina na farko) cikin wata ƴar kabad da ke ƙarƙashin murhu. Na zaɓe ta ne don ƙofarta na da roba a gefe, tana rufuwa ruf, ko ƙura ba ta shiga.

Da hantsi muka isa. Muka tsaya ƙarƙashin wani gawo kusa da rijiya, kafin a ce kwabo gari ya taru. Na gai da Kawu da maigari, sannan na sa farar rigata na kama murɗa hannun nan. Rufi ya fara ɗagawa, mata suka ja da baya suna salati. Da gadaje suka fito aka ɗauki kabbara. Na shiga na danna makunni, fitila ta kama da rana tsaka. Na kunna fanka, ta juya. Na ga Kawu yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, irin duban nan na "ban gaya muku ba?" Kaina ya kumbura har na ji hular ta matse ni. Na tsaya a ƙofa na yi jawabi, na ce daga yau an yi ban kwana da ƙanƙara a ƙasar Kurfai, ga wuta na kawo musu har gida. Sannan na ɗaga wayar firigo sama kowa ya gani, na soka ta a soket.

Shiru, wai malam ya ci shirwa.

Na zare na sake sokawa. Na koma soket na biyu. Firigo ko tari bai yi ba. Gumi ya fara bin bayana, amma bakina bai mutu ba. Na juyo na ce wa jama'a, "Haka yake. In ya shigo daji ba ya kuka, a hankali yake aiki don tattalin wuta." Wallahi na faɗa, kuma har wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce Nasara ba dai hikima ba.

Na ce wa Baba Arzika ya kawo akwatin magani a juye cikin firigo. Sai na tarar da shi zaune daram a kan akwatin, ya miƙe ƙafa.

"Likita, gwiwata ta riƙe. Bari in ɗan huta, in firigon ya yi sanyi sai mu juye."

Na ji haushi, amma ba zan ɗaga tsoho da ƙarfi gaban mutane ba. Na sa kwalbar ruwa a firigon, na ce bayan azahar Kawu zai sha ruwan da bai taɓa shan irinsa ba.

Bayan azahar Dije ta iso. Dije ɗiyar Kawu Gado ce, wato taubashiyata, matar aure mai ƴaƴa huɗu, mai sayar da fura da nono. Kowa ya san tsakanin taubasai ba kunya ba fushi, duk abin da ta gaya mini dole in haɗiye, ita kuwa Allah ya ba ta baki. Ba ta nemi izini ba, ta kutsa cikin Kunkuru, ta buɗe firigo, ta kurɓi ruwan Kawu. Ta fito ƙofa tana taɓe baki.

"Jama'a, wa ad da ganyen shayi da sukari? Ruwan likitan birni ya kusa tahwasa!"

Aka fashe da dariya. Na ce ƴar matsala ce, yanzu za a gyara. Na tuɓe farar riga, na zaro turnabis. Ni fa akwai ni da naci, wannan ko maƙiyina ya shaida. Na cusa turnabis a soket, ƙwansa bai kama ba, na ce turnabis ɗin ne ya lalace. Na kwance murfin soket na hura (ai da hurawa na gyara rediyo). Na ciro fis-fis ɗin da na gani, ƴan abubuwan nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, na duba su a rana ɗaya bayan ɗaya, duk lafiyarsu lau. Na kwanta rigingine ƙarƙashin tirela cikin kashin awaki ina bin wayoyi da yatsa. Har na feɗe wata waya na haɗa firigo kai tsaye da batir, ban samu komai ba sai tartsatsi da ƙunar yatsa. Duk wanda ya yi magana sai in nuna masa rufi in ce, "Ba ka ga fitila na ci ba? Wuta akwai ta!"

Ina can ƙasa na ji muryar Dije daga ɗaya gefen. Ta ga wani ɗan murfi a jikin tirela, ta buɗe, ta kama jan abin da ke ciki. Baƙar waya ce mai kauri, ta yi ta ja tana fitowa, gaba ɗaya, gaba biyu, gaba biyar, a ƙarshenta ga kan sokawa mai haƙora. Ta ɗaga shi sama.

"Likitan birni, taho ka gani. Kunkurunka na da wutsiya. Wagga ina taka shiga?"

Na fito da kashin awaki a ƙeya. Ban taɓa ganin wayar nan ba. Na dubi Baba Arzika, shi kuma ya dubi ƙasa, sannan ya yi maganar da na hana shi sau biyu.

"Ita ta nika son in hwaɗa maka, Likita. Ranar da ka gwada ma shef, wutsiyar ga tana soke cikin bangon magaza, ɗakin ajiyar ohis, ta taga. Ni nas soka ta, don batir shi cika, hakanan Nasaru sunka koya min. Ramun nan biyu na ciki ba su shan batir. Sai an ba su kuran na gari, ko na gurup, injin nan mai ba da wuta. Batir hitila da hwanka ɗai shika iyawa."

Wato ruwan sanyin da shef ya sha, wutar ofis ce ta sanyaya shi, ni dai na tsaya a tsakiya na karɓi yabo. Kawu Gado ya karɓi kan wayar daga hannun Dije, ya juya shi, ya dubi kwamin da ake shayar da dabbobi a bakin rijiya.

"To, na gane," in ji shi. "Ramun nan kwami na. Kwami ba shi da ruwa nai, sai an jawo daga rijiya an zuba mai. Ɗana, kai kwami kaɗ ɗauko, ka baro rijiya Hilinge."

Mutumin da bai taɓa zama aji ba ya fahimci abin cikin numfashi ɗaya. Dariyar da aka yi har jakuna suka taya. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Kurfai tauri gare ta.

Kawu shi bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya dube ni gaban kowa ya ce, "Bar batun wuta. Maganin ga, shina da rai ko ya mutu? Gobe mutane za su kawo dukiyarsu bisa maganata."

Baba Arzika ya tashi daga kan akwatin (gwiwar ta warke nan take). Na buɗe, na ga ƙanƙara ta narke fiye da rabi. In an yi sa'a ta kai faɗuwar rana. Komawa Filinge ba ta taso ba: man da aka ba mu na dawowa sau ɗaya ne, mai sa hannu yana Yamai, ƙanƙarar ma na rabar da ita. In muka tafi, gobe shanu su taru ba likita, ba kuma mai sake jin maganar Kawu har abada. Sai shaiɗan ya matso kusa da kunnena. Ya ce wa zai sani? Ka ce lafiya lau, gobe ka tsira musu ruwan banza, kowa ya watse yana sa maka albarka. Na rantse na saurare shi na ɗan lokaci. Abin da ya hana ni, na tuna in tari ya shigo bayan wata biyu, shanun Kawu za a zo a kama, ni ina can gari ina taje gashi.

Na ce, "Kawu, yanzu yana da rai. Zuwa magariba, in ba a sami sanyi ba, ya mutu. Yadda za a sami sanyin kuwa, ban sani ba." Maganar ta fito da ƙyar kamar ana cire mini haƙori. Na ƙara da cewa, "Amma ba zan zauna ba sai na sani. In kuma ya mutu, ni da bakina zan gaya wa mutane, ba zan soka wa saniyar kowa mataccen magani ba."

Na juya wurin Baba Arzika, a karo na farko na tambaye shi abu. Na ce, "Baba, don Allah, da kake bin Turawan nan daji, ruwan zafi suke sha?"

Ya ce, "A'a. Kullum ruwansu da sanyi, ko babu gurup. Ciki dai ba su bari in shiga. Amma in munka sauka, wata mata cikinsu tana durƙusawa nan waje, ta buɗe wanga ƙyaure mai huji-huji, ta ƙyasta ashana."

Ashana? Na faɗa cikin Kunkuru ina jan aljihunan tebur. A na ƙarshe na sami littafin bayanin tirelar, da Faransanci, wanda na gani tun ranar farko na ce masana ba sa buƙatarsa. Na zauna bakin ƙofa ina karantawa, gari guda na kallona. Ga maganar Baba Arzika a rubuce ba ragi: hanyoyin wuta biyu ne a tirelar, ƙarama ta batir mai riƙe fitilu da fanka, da babba ta soket wadda ba ta zuwa sai an jona wutsiya a waje. Wutar waje na cika batir, amma batir ba ya mayar da ita soket. Na buɗe shafi na gaba, sai ga hoton wani ɗan akwati da alamar harshen wuta a gefensa. Firigo ne na tirelar kanta, wanda ke aiki da gas in babu kuran. An nuna wurinsa da kibiya: ƙarƙashin murhu, ƙofarsa mai roba a gefe.

 Na rufe littafin a hankali ina tunanin yadda zan kori mutane in shiga ni kaɗai. Ina! Dije tana tsaye a kaina, ba ta iya karatu ba amma ta iya hoto.

"Wanga ba shi na can ƙasan murhu ba?"

Kafin in miƙe ta riga ni. Ta buɗe, sannan ta fito ƙofa, takalmi ɗaya a kowane hannu, safa na reto daga ciki, ta rangaɗa guɗa irin ta kai amarya.

"Ku taho ku gani! Magani na mutuwa da zahi, takalman likita na kwance cikin hirigo!"

Wannan ita ce dariyar da har yau ba a gama ba. Maigari, dattijo mai rawani, sai da aka riƙe shi. Wata tsohuwa ta ce a bar yaro, wataƙila a birni sai takalmi ya huce ake sawa. Na tsaya da littafi a hannu, fuskata kamar an watsa mata barkono, na rasa inda zan sa idona. Amma rana tana tafiya, kunya kuma ba ta sanyaya magani. Na karɓi takalman na jefa su ƙarƙashin mota, na ce a taimake ni.

Littafin ya ce sai tirela ta daidaita, ba karkata, kafin firigon ya yi aiki. Ba mu da abin awo, Dije ta cika ƙwaryarta da ruwa ta aza a ƙasan ɗakin, maza suka yi ta cusa duwatsu ƙarƙashin ƙafafun tirela har ruwan ya kwanta daidai da bakin ƙwarya. Na wanke cikin firigon da sabulu sau uku saboda warin man takalmi. Muka buɗe ƙyauren nan na waje, na bi littafin layi-layi da yatsa, Baba Arzika ya ƙyasta ashana. Ta farko iska ta kashe, ta biyu ma haka, sai da mutane suka yi mana katanga da rigunansu. A ta huɗu wani ɗan shuɗin harshen wuta ya tsaya. Wani ya ce yau ga ƙarya ta biyu, yaushe wuta ta taɓa haihuwar sanyi? Baba Arzika ya ce ya je asibitin Filinge ya ga firigon kananzir, shi ma da wuta yake yi. Ni dai na gama jawabi na ranar.

Saura jira, don littafin ya ce sai an ba shi sa'o'i. Muka naɗe akwatin magani da jiƙaƙƙen buhu, na sauko da ƴar fankar nan na saita ta a kansa, batir ya samu aikin da ya iya. Mata suka riƙa jawo ruwa ana yayyafawa. Muka yi la'asar, ban san me na karanta ba. Duk sanda aka taɓa akwatin sai in ji ruwa na kaɗawa a ciki. Kawu yana zaune bakin gawo da carbi, bai dube ni ba, bai kuma tafi gida ba.

Da rana ta yi ja na buɗe firigo na duba ma'aunin zafin da na sa a ciki. Ya sauka inda ake so. Na faɗa, ba wanda ya motsa, don maganata ta riga ta zube. Kawu ya ce, "Dije, diba muna." Ta sa hannu can ciki ta taɓa ƙarfen.  Ta zaro hannun ta sa a kumatu, ta dubi mahaifinta.

"Baba, abin ga shina cizo."

Muka juye kwalaben, ƙanƙarar da ta rage a akwati ba ta fi cikin tafin hannu ba. Na zauna a ƙasa.

Washegari na yi zaton rabin mutane ba za su zo ba. Ashe labari ya riga mu. Tun da sassafe shanu ke kwararowa, har daga rugagen da Kawu bai taka ba. Wani tsoho daga wajen Sanam ya iso da garkensa yana tambaya, "Wane na likitan mai takalma?" Aka nuna ni, ya ƙare mini kallo, ya ce to a fara da bijiminsa. Kawu ya ce a'a, tasa ce farko, ya riƙe ƙahon jar saniyarsa da kansa na tsira mata. Muka yi kwana biyar muna aiki, ɗan harshen wutar nan bai mutu ba, kuma a shekarar ba wanda ya zo kama saniyar Kawu.

Ranar da za mu tafi ya raka ni bakin mota. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Tun ina yaro nika ganin ma'aikatan gwamnati. Ban taɓa jin wanda yac ce bai sani ba sai kai. Shi ya sa na zamna." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma takalman nan, ka sai da su."

A hanya na ba Baba Arzika haƙuri. Ya ce ba komai, shi sitiyari aka ce ya riƙe. Muka yi shekara tara tare bayan nan, soja suka tafi, farar hula suka zo, ban sake shiga daji ban tambaye shi ra'ayinsa ba. Shef kuwa ban ɓoye masa ba, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya sa na rubuta bayanin wutar Kunkuru da manyan baƙaƙe na manna a ƙofarta.

Yanzu zamani ya canja, faranti mai shan rana ya cika ƙauyuka, har da na'urar da ke juya wutar batir ta koma ta soket. Duk da haka in wani ɗan boko ya zo yana nuna mini soket yana cika baki, nakan tambaye shi, "Na ga kwami, ina rijiyar?" Dije ta tsufa, haƙora sun zube, bakin dai yana nan. Da na ajiye aiki ta aiko mini da gudummawa cikin kular ƙanƙara, an ɗaure da igiya. Na buɗe gaban baƙi, sai ga silifa sabbi fil.

Abin da na koya bai da yawa. In ka ga soket, nemi wutsiyarsa kafin ka tara jama'a. In tsoho ya yi gyaran murya sau biyu, rufe bakinka ka buɗe kunne. Takalma kuwa, tun daga ranar ƙarƙashin gado nake ajiye su, kamar kowa.